Bayan ruwan Alau: yaya birni zai iya jure masifa?

Wani ɗan'uwa mai sayar da atamfa a Maiduguri ne ya aiko da tambayar. Ruwan Satumban 2024 ya shiga gidansa a Gwange, ya kuma lalata masa kaya a Kasuwar Monday. Ga abin da ya ce a taƙaice: an ba su shinkafa da tabarma, sun gode Allah, ya gyara gida ya koma, amma duk daren da hadari ya haɗu ba ya iya barci. Shin akwai abin da birni irin nasu zai yi don kada a maimaita, ko kuwa wannan sai ƙasashen masu kuɗi?

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu a ruwan nan. Aikina tsara birane ne, kuma mafi yawan shekarun da na yi a cikinsa a kan magudanan ruwa da rabon filaye suka ƙare, don haka ta nan zan fi ba ka amsa. Akwai abin yi, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfinmu ba. Matsalarsa ɗaya: aikin rani ne. Ana yin sa lokacin da sama take tas, babu wanda ke tsoron komai, babu kuma wanda zai tafa wa wanda ya yi shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kusan duk tanadinmu na ranar tafiyar ne.

Mu fara da abin da ya same ku. An gama madatsar Alau a 1986 a kan kogin Ngadda, don noman rani da ruwan sha na Maiduguri, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. A 1994 ruwanta ya taɓa mamaye garin. Shekara 30 cif bayan haka, a daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata, wani ɓangarenta ya ɓalle. Sauran ka fi ni sani: fadar Shehu, asibitin koyarwa, kasuwa, gidan namun daji da dabbobinsa, katangar gidan yari da ta faɗi fursunoni 281 suka fice, mutum sama da 400,000 da suka bar gidajensu. Ba a yi wata guda ba aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar, don ruwan da ya shiga ɗaki shi ne ya shiga masai, shi ne kuma ya koma rijiya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne shekara 30 ɗin nan da ke tsakani. Madatsar ƙasa kamar katangar gidan laka take, kowace damina tana cin wani abu a jikinta. Rairayi da taɓo suna taruwa a cikin tafkin, wurin da zai riƙe ruwa yana raguwa ba tare da ido ya gani ba. Gara da ɓera da saiwar itace suna huda jikin bangon. Ƙofofin sakin ruwa suna tsatsa in ba a motsa su. Duk wannan yana da magani sananne: a auna zurfin tafkin a kai a kai, a duba inda ruwa ke tsattsafowa a gindin bango, a gwada ƙofofi kafin damina, a kuma rage ruwa da wuri in an ga daminar mai ƙarfi ce. Kuɗin wannan ba ya kai kashi kaɗan na kuɗin sake gini. Amma a kasafin kuɗinmu sabon aiki ne ke da gata, don shi ake ƙaddamarwa da taro, gyara kuwa maraya ne. Kano ta ga haka a 1988 da madatsar Bagauda ta fashe. Birnin Derna na Libiya ya gani a Satumban 2023, inda madatsu 2 suka ɓalle a dare ɗaya mutane dubbai suka mutu, alhali wani masani na ƙasar ya rubuta gargaɗi a kansu shekara guda kafin nan. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau, kuma ya kamata a gina. Tambayar da ya dace ku mutanen gari ku riƙa yi bayan an gama ita ce: nawa aka ware kowace shekara don kula da ita, wa ke da alhakin buɗe ƙofa, kuma wa zai kira wa idan ruwa ya kai wani ma'auni?

Sai dai ko babu madatsa ko ɗaya, biranenmu suna nutsewa da ruwan sama kaɗai, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Yi lissafin nan da ni. Ruwan sama mai milimita 50, wanda a watan Agusta yana iya sauka cikin sa'a ɗaya ko biyu, in ya zuba a rufin kwano mai murabba'in mita 100 yana ba da lita 5,000, wato jarka 200 ta 'yan ga-ruwa. Gida ɗaya ke nan. A da tsakar gida ƙasa ce, lungu ƙasa ne, bayan gari gona ce, ƙasa tana shanye kaso mai yawa. Yau tsakar gida siminti, ƙofar gida intalok, titi kwalta, don haka kusan duk ɗigon da ya faɗo sai ya nemi kwata, kuma a lokaci guda. Kwatar kuwa an gina ta ne tun unguwar tana da rabin gidajen da take da su yanzu, ga ledar ruwa da robar lemo sun toshe bakin kwalbati.

Magabatanmu sun bar mana maganin wannan, muna ta binne shi da hannunmu. Ina nufin kududdufi. A tsohon birnin Kano, da Zariya, da Katsina, da Damagaram, inda aka haƙi ƙasar gini nan ya zama rami, ramin nan kuma shi ke karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, ya riƙe shi, ya sake shi a hankali zuwa ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyin makwabta su samu. Kududdufi mai faɗin hekta 1 da ke da sararin mita 2 yana ɗaukar lita miliyan 20, kwatankwacin tankar mai 600. Ranar da aka cike shi da shara aka yanka fuloti, tankokin nan 600 ba su fasa zuwa ba, ɗakunan mutane kawai za su sauka. Na taɓa kwashe watanni ina rubuta rahoto kan wani kududdufi a wata unguwa da ba zan ambata ba, na auna gidajen da ke zuba ruwa a cikinsa, na nuna inda ruwan zai bi in aka rufe shi. Aka karɓa aka ajiye. Bayan damina 2 na koma na tarar da shaguna a jere a wurin, na kuma tarar da wata tsohuwa a layin baya tana kwashe ruwa daga ɗakinta da kwano. Har yau ina ganin fuskarta.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: kududdufi yana kawo sauro, yana wari, yara suna faɗawa. Amsar wannan ita ce a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara da ruwan masai, a dasa itatuwa a gefensa, a yi masa mafita zuwa babbar magudana. Birnin Beira na Mozambik, wanda talauci bai bar shi ba kamar yadda bai bar mu ba, ya yi irin wannan. Sun sake buɗe wani ƙaramin kogi mai suna Chiveve da ya zama juji a tsakiyar gari, suka gyara manyan magudanai, suka haƙa babban tafkin tara ruwa. Da guguwar Idai ta afka musu a Maris 2019 iska ta yi mummunar ɓarna, amma unguwannin da aikin magudanan ya shafa ruwa bai daɗe a cikinsu ba kamar sauran. Abin da suka kashe kuɗi suka haƙa, mu gadonsa muka yi kyauta.

Yanzu ga maganar da ma'aikata irina ba mu cika son faɗa ba. Duk lokacin da aka yi ambaliya sai ka ji ana cewa laifin mutane ne, sun yi gini a kan hanyar ruwa. To wa ya sayar musu? Kuma ina ne wurin da aka tanadar musu suka ƙi? Maiduguri ta karɓi jama'ar da rikici ya koro daga ƙananan hukumomi har yawan mutanenta ya kusa ninkawa cikin 'yan shekaru. Wanda ya baro garinsu da kayan jikinsa kaɗai zai zauna ne inda fili ya fi araha, fili mafi araha kuma shi ne na bakin kogi da na kwari. Haka abin yake a Kano da Kaduna da Yamai. Rusau kaɗai ba ya warware wannan, don wanda aka rushe wa gida a wannan kwarin gobe zai koma wani kwarin. Abin da ke aiki shi ne hukuma ta riga masu awon igiya isa bayan gari: ta shata tituna, ta ware hanyar ruwa da filin makaranta da na kasuwa tun ana noma wurin, ta fitar da ƙananan fulotai a kan tudu da talaka zai iya saya ya biya a hankali. Fegi da igiya da ma'auni ne kawai ake buƙata a matakin farko. Idan gidaje suka riga suka tsaya, buɗe hanyar ruwa mai faɗin mita 10 sai da diyya da kotu da hawaye. Bakin kogin da aka hana gini kuma kada a bar shi fayau, don fili marar mai shi ba ya kwana. A ba masu lambu su yi noman rani, a yi filin ƙwallo, a yi makiyaya. Abin da ruwa zai hau ya sauka ba a yi asarar rai ba, shi ya dace da wurin.

Ruwa ba shi kaɗai ne masifa ba, kuma ku mutanen Maiduguri kun san wata. A Janairun 2021 aka fasa turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu, garin ya shiga duhu na tsawon lokaci, ana gyarawa ana sake fasawa, har sai da aka ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a cikin gari a 2023. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako ba wuta, saboda layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace, sai layin da ya rage ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi. Yamai ta ɗanɗana a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, sannan a Agustan 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin, man fetur da kayan abinci suka tsaya a waje. Duk labari ɗaya ne: gari guda rataye da igiya guda. Idan ina duba birni, tambayar da nake fara yi ita ce, mene ne abu ɗaya da in ya karye yau komai zai tsaya? Gada ɗaya, layin wuta ɗaya, matatar ruwa ɗaya, kasuwar hatsi ɗaya. Ba lallai a yi wa kowane gida tanadi biyu ba. Amma asibiti, da injin tura ruwa, da ɗakin ajiye allurar rigakafi da jini, da turken sadarwar waya, waɗannan dole su iya rayuwa kwanaki da sola da batir ko da babban layi ya mutu, kuma a ɗora injinansu a sama, kada a ajiye su a ƙasan bene inda ruwa zai fara isa.

Waɗanda suka gina badalar Kano sun fahimci wannan sarai. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da rijiyoyi da fili mai yawa, don in an yi wa gari ƙawanya a samu abin ci a ciki. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram har yau ana rumbun tsimi, a ajiye hatsi da kaka a fitar da shi lokacin da ya yi tsada. Kullen korona na Afrilun 2020 ya nuna mana yadda birni ke shiga yunwa cikin kwana 3 idan mai neman na yau ya kasa fita. Fadamun da ke gefen gari, waɗanda ke ba mu salak da tumatir da alayyahu, rumbun birni ne, kuma su ne dai wurin da ambaliya ke shimfiɗa ƙafa ta huta. Duk wanda ya sa hannu aka mayar da fadama rukunin gidaje ya yi ɓarna biyu da alƙalami ɗaya.

Zafi kuma yana kisa ba tare da an ɗauki hotonsa ba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi a garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5 a ma'aunin Celsius, wani babban asibiti a Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum sama da 100 cikin kwana 4. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutum sama da 1,300 a zafin Mayun 2010, sai a 2013 ya fito da tsari mai sauƙi: sanarwa kwanaki kafin zafin, ruwan sha a tashoshi da kasuwanni, horar da ma'aikatan asibiti su gane bugun zafi, daga baya kuma aka ƙara da shafa farin fenti ko farar ƙasa a rufin gidajen talakawa. Babu abin da ya gagare mu a ciki. Darbejiyar da aka san Maiduguri da ita, wadda wasu ke sarewa don faɗaɗa shago, tana aikin da na'urar sanyaya ɗaki ba za ta yi wa mai tura baro ba.

Na bar gargaɗi zuwa nan da gangan, don shi ne ya fi saurin ceton rai kuma shi ya fi araha. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Bayanin yana nan, amma yakan tsaya a ɗakin taro a Abuja da Turanci. Sanarwar da ta ce jihohi kaza suna cikin haɗari ba ta gaya wa mai atamfa a Gwange ya kwashe iyalinsa yau da la'asar ba, ba ta kuma gaya masa inda zai kai su ba. Dubi Bangaladash. Guguwar 1970 ta kashe musu mutum aƙalla 300,000. Daga baya suka horar da dubban 'yan sa-kai a ƙauyuka, kowa da lasifikarsa da gidajen da aka damƙa masa, suka gina mafaka masu bene waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne. Da guguwar Amphan ta zo a 2020 sun kwashe mutum sama da miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka mutu a ƙasar kuma ba su kai 50 ba. Mu ba sai mun ƙirƙiro 'yan sa-kai daga sama ba. Muna da bulama da lawan a Borno, mai unguwa da dagaci a ƙasar Hausa, muna da lasifikar masallaci a kowane layi, da 'yan agaji, da rediyon da kowa ke saurare. Abin da ya rage shi ne a ɗaura igiyar: mai gadin ma'aunin ruwa ya san lambar wanda zai kira, wancan ya san nasa, har maganar ta isa bakin ladan cikin minti 30, da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa. Kuma a yarda cewa wani lokaci za a tashi mutane ruwan bai zo ba. Jami'in da ke tsoron a ce ya tayar da hankalin jama'a a banza zai yi shiru, shirun nan kuwa shi ke kashe mutane cikin barci, kamar yadda ruwan Mokwa ta jihar Neja ya same su da asuba a ƙarshen Mayun 2025.

Ka tambayi abin da birni zai yi, amma na san a ƙasan tambayar akwai ta gidanka, don haka bari in sauko nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Darussalam ta Tanzaniya, tun 2015 ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka riƙa bin lungu lungu da waya suna zana kowace kwata da kowane wurin da ruwa ke kwanciya, taswirar da hukuma ba ta da ita. Ku ma ku yi taku, ko da a kan takardar kwali ce. Ku zauna da bulama da limami da matasa da mata, don matan sun fi kowa sanin gidan da ke da tsoho ko gurgu ko mai jego. Ku rubuta ta ina ruwan ya shigo a 2024, wace hanya ce ta fara yankewa, wane gini ne ya tsira, gidan wa za a fara ƙwanƙwasawa. Ku je makarantar da ke kan tudu ku yi magana da shugabanta tun yanzu, ku san wa ke riƙe da makulli da dare. Ku sa ranar aikin gayya ta yashe kwata a watan Mayu, kuma ku nemi motar kwashe shara ta zo a ranar, don dattin da aka tara a bakin kwata ruwan farko ne ke mayar da shi ciki. Idan kun je wurin ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma, ku je da takardar nan da buƙata guda mai suna, kwalbati kaza a layi kaza, ya fi a je da koke na gaba ɗaya.

A gida, takardun fili da na makarantar yara da katin asibiti su zauna cikin leda a wuri mai tsayi, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Ka ɗaga bakin rijiya da bakin masai sama da ƙasa, ka mayar da soket ɗin wuta sama in za ka sake wayoyin lantarkin gidan. Idan akwai sauran ƙasa a tsakar gidanka, ka bar ta ta sha ruwa. A shago, daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba kada dila ta kwana a ƙasa, kuma kada duk jarinka ya kwana a rufi ɗaya, ko don gobara irin wadda ta ci Kasuwar Monday a Fabrairun 2023.

Akwai kuma abu ɗaya da nake roƙon ka. Idan har yanzu akwai bangon da shatin ruwan nan yake a jikinsa, a masallaci ko a makaranta, kada a shafe shi da fenti. Ku ja layi a kai da jan fenti mai kauri, ku rubuta 10 ga Satumba 2024 a gefensa. Duk mai zuba harsashin gini a unguwar ya zo ya auna daga nan, duk mai sayen fili ya gani kafin ya biya. Na 1994 ba a bar irin wannan alama a inda kowa zai gani ba, yaran da aka haifa bayansa kuwa su ne suka yi aure suka gina gidaje a bakin Ngadda.